Ramin da ba ya cika, ina yake kai abin da muke zuba masa?

Duk wanda ya taɓa yin gini a Maradi, ko ya tsaya wa wani ɗan'uwansa da ke ci-rani a kan nasa ginin, ya san alkawarin da magini ke yi idan aka zo kan masai: "Alhaji, bari in yi maka wanda har jikokinka ba su ganin cikarshi." Daga nan sai a yi ta haƙa, gaba uku, gaba huɗu, wani ma har ya wuce haka, a jera bulo ana barin ƙofofi a tsakani, a bar gindin ramin babu siminti. Mai gida ya biya da farin ciki, domin an raba shi da kiran motar kwasa da kuɗinta da warinta. Magini kuwa gaskiya ya faɗa, ramin zai daɗe bai cika ba. Sai dai dalilin rashin cikar tasa shi ne abin da ya hana ni sukuni. Duk ruwan da aka zuba masa ƙasa yake bi ya tafi, kuma daga cikin ƙasar nan ne garin nan kaf yake shan ruwa.

Gulbin Maradi ba ya gudu sai da damina. Ruwan da ke zuwa famfunanmu daga rijiyoyin burtsatse ake jawo shi, haka na ƴan ga-ruwa, haka wanda ake ɗaurawa a leda ana sayarwa a tasha da bakin kasuwa. A fadama, wajen tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi in aka gangara, ruwa kusa yake, mita kaɗan za a haƙa a same shi. A kan tudu, inda gari ya hau bayan ambaliyar 1945 ya yi ta faɗaɗa har Zariya da Ali Ɗan Tsoho, sai an yi nisa sosai. Amma sama da ƙasa ƙasar tamu jigawa ce, rairayi ne mai shanye ruwa nan take. Ƙidayar 2012 ta samu mutum dubu 267 da ƴan kai a birnin, kuma duk mai ido ya ga yadda gari ya ci gonakin da ke kewaye da shi tun daga lokacin. Ba mu da manyan bututun ƙarƙashin ƙasa da ke tara ƙazantar gidaje su kai ta wurin tacewa. Kowane gida da raminsa. Abin da ya sauya a shekarun nan abu biyu ne da suka zo tare: masai na zamani mai kora da ruwa, da foraj, wato rijiyar burtsatse, na cikin gida mai shato a bisa. Sau da yawa a fili ɗaya ake yinsu, wani lokaci katanga ce kawai tsakanin ramin wannan gida da foraj na maƙwabci.

Ra'ayina shi ne zurfin rami da muke ɗauka a matsayin ingancin aiki shi ne babban kuskuren da ke cikin gininmu, kuma lokaci ya yi da za a mayar da tsarin masai abin da hukuma ke dubawa kafin ta ba da izinin gini, kamar yadda ake duba iyakar fili.

Idan ana maganar masai da rijiya, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne kwalara da zawo, kuma da dalili. Ba mu manta da 2018 ba, lokacin da kwalara ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maradi, musamman wajen Madarunfa. To amma ƙwayoyin cuta suna da rauni ɗaya: rairayi mai kauri yana tace su, kuma suna mutuwa a hanya idan tafiyar ta yi tsawo. Akwai wani abu da rairayi ba ya riƙewa, ba ya kuma mutuwa don ba rai gare shi ba. Shi ne nitrat.

Manomi ya san shi ko da bai san sunansa ba. Sinadarin azot, wanda ke sa ganyen hatsi ya yi kore shar, shi ne muke saye da tsada a buhun takin ure. Jikin ɗan Adam yana fitar da shi kullum, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar a fitsari yake fita. A cikin rami, inda babu iska, azot ɗin yana zama amoniya, wannan mai hawa kai idan an buɗe murfi. Da ruwan ya fita daga ramin ya shiga rairayi mai iska, sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasa su mayar da amoniyar nitrat. Amoniya takan maƙale a jikin ƙasa, shi kuwa nitrat ba ya maƙalewa. Duk inda ruwa ya nufa yana biye da shi, har ya isa ruwan da ke kwance a ƙarƙashinmu. A tudu tafiyar tana iya ɗaukar shekaru, shi ya sa foraj zai iya ba da ruwa mai kyau yau alhali abin da aka zuba shekaru goma da suka wuce yana kan hanya.

Mu yi lissafi da gida mai mutum goma, wanda a garin nan ba babban gida ba ne. Mutum ɗaya yana fitar da azot tsakanin kilo 2 da rabi zuwa 4 da rabi a shekara, gwargwadon abin da yake ci. Mu ɗauki kilo 3. Gidan ya zuba kilo 30 ke nan a rami. Buhun ure mai kilo 50, azot ɗin da ke cikinsa kilo 23 ne, wato gidan nan yana tura abin da ya fi buhun taki guda cikin ƙasa kowace shekara, a wuri ɗaya, nesa da saiwar kowace shuka. Idan kilo 30 ɗin nan ya koma nitrat, nauyinsa ya haura kilo 130. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 50 na nitrat a kowace lita ta ruwan sha. Kafin a tsarma kilo 130 ya sauko wannan iyaka ana buƙatar ruwa sama da lita miliyan 2 da dubu 600, kimanin ganga 13,000 mai lita 200. Ruwan saman da muke samu a shekara bai wuce milimita 500 ba in an daidaita, wanda a fili mai murabba'in mita 400 ya kama ganga 1,000, kuma mafi yawansa rana ce ke shanyewa ko ya bi titi ya tafi gulbi. Ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na azot ɗin ya kai ga ruwan ƙasa, lissafin bai fita ba. Ga kuma gida na jikin gida, unguwa na jikin unguwa.

Abin da ya sa na ɗauki nitrat da muhimmanci shi ne duk hanyoyin da muka gada na gane ruwa mai kyau ba sa kama shi. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa ruwa mai tsarki ne matuƙar launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba. Wannan hukunci ne na ibada, kuma yana nan daram. Amma ruwan da ya inganta a yi alwala da shi yana iya ɗauke da nitrat ninki biyu ko uku na iyaka, garau da shi, ba wari ba ɗaci. Tacewa da ƙyalle ba ta cire shi. Ruwan jabel da ƙwayar Aquatabs ƙwayoyin cuta suke kashewa, shi ba su taɓa shi. Tafasawa kuwa, wadda ita ce shawarar da ake ba kowace mai jego, ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwa ne ke tashi a tururi, nitrat ya zauna a tukunya.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne jariri ɗan ƙasa da wata shida. A cikinsa nitrat yana juyewa ya zama nitrit, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Yaro ya yi laushi, numfashi ya yi masa wuya, leɓɓa da harshe da farce su yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Wani likita mai suna Hunter Comly ne ya fara danganta wannan da ruwan rijiya a 1945, a jihar Ayowa ta Amurka, bayan ya ga jarirai da aka dama wa madara da ruwan rijiyar gona. A fatar Bature abin yana fitowa fili. A fatar ƴaƴanmu sai an buɗe baki an duba dasashi da harshe, kuma cikin sauƙi a ce sanyin haƙarƙari ne ko wani abu daban. Zawo yana ƙara tsananta shi. Jaririn da ke shan nonon uwa zalla yana cikin kariya, amma mun san al'adarmu: da zafin bazara ya tsananta, kaka ba ta iya kallon jariri ba ta ɗiga masa ruwa ba, ga kuma madarar gwangwani da ke ƙara shiga gidajen ma'aikata. Game da manya, masu bincike a ƙasashe irin su Danmak sun ga alaƙa tsakanin daɗewa ana shan ruwa mai nitrat da sankarar hanji, kuma ana ci gaba da bin sawun wannan. Ko an ajiye wannan gefe, nitrat mai yawa a rijiyar cikin gari shaida ce cewa akwai hanya buɗe tsakanin masai da ruwan sha.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a yi mana dogon bayani a kan gubar da ido ba ya gani ba. Tibiri na nan kusa da mu. Ruwan wani foraj mai yawan sinadarin fuluwor ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, ya ɓata haƙoransu, an kuma yi shekaru ana sha kafin a gane daga ina abin yake. Waɗannan yaran yau magidanta ne, suna nan da abin a jikinsu. Na Tibiri daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya fito, rashin awo da wuri ne ya bar shi ya yi ɓarna. Nitrat na masai kuwa da kuɗinmu muke haƙa masa hanya.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke ɓullewa ya dubi Dakar. Tun wajen 1950 birnin ya fara shan ruwan da ke ƙarƙashin rairayin Caroy, a gefen birnin. Unguwannin Pikin suka cika da jama'a a bisa wannan ruwa, kowane gida da raminsa, har nitrat ya ninka iyaka sau da yawa, dole aka rage jan ruwan don sha ƙwarai da gaske. Da aka rage ja, ga kuma ruwan masai na ta sauka, sai ruwan ƙasa ya taso, ya zama ɗaya daga cikin dalilan ambaliyar da ke cin waɗannan unguwanni. Sun rasa ruwan sha na kusa, sai daga nesa ake jawo musu da tsada. Su suna da tafkin Giyer da za su jawo daga can. Mu daga ina za mu jawo?

Wani zai ce shi ya huta, domin fos ya gina, wato tankin masai na siminti mai ɗaki biyu ko uku, ba ramin gargajiya ba. Fos abu ne mai kyau idan an gina shi daidai, amma a san aikinsa. Tun da wani Bafaranshe mai suna Mouras ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a 1881, amfaninsa shi ne ya kwantar da kauri a ƙasa, ya tsare maiƙo a sama, ya bar ruwa-ruwan ya wuce. Azot kaɗan ne yake zama a cikinsa. Mafi yawa yana fita a matsayin amoniya ya faɗa ramin tsotsewa da ake haƙawa a gefe, kuma wannan ramin shi ne maginanmu ke zurfafawa iya ƙarfinsu. Haka ita ma ƙa'idar nan ta barin mita 30 tsakanin masai da rijiya, da barin aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa, don ƙwayoyin cuta aka yi ta. Tana da amfani, a kiyaye ta. Amma nitrat yana wuce mita 30, kuma a fili mai mita 20 kowane gefe, ina za a samo mita 30 ɗin in ba a shiga gidan maƙwabci ba, wanda shi ma da nasa ramin?

To yaya ya kamata a gina? Farko dai fos ya zama tulu na gaskiya, mai gindin kankare da shafen siminti ciki, wanda za a cika da ruwa a kwana a ga bai ragu ba kafin a biya magini cikon kuɗinsa. Ɗakin farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku na girmansa, a sa masa bututun shaƙar iska da murfin da za a iya buɗewa, ba a binne shi ƙarƙashin tayil ba. Ruwan wanka da wanki a raba musu hanya, su tafi nasu gologon ko gindin itace, ruwan indararo kuma kada ya kusanci fos, domin yawan ruwa shi ke tura ƙazanta ƙasa da sauri.

Sai babbar magana, wato inda ruwan fos zai zuba. A nan ne nake ganin dole mu juya tunaninmu gaba ɗaya: faɗi ake so, ba zurfi ba. Rayuwar ƙasa a sama take. A mita ɗaya na farko ne ake samun saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da ɗimbin ƙwayoyin da ke cin ƙazanta. Ramin da ya yi gaba huɗu ya tsallake wannan duka, ya ajiye ruwan a rairayi tsura inda babu abin da zai taɓa shi. Maimakon haka, a ja dogon kwari marar zurfi, a shimfiɗa tsakuwa, a ɗora tiyo mai huda-huda, ruwan ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan a tsawonsa. A gefensa a dasa abin da ke son ruwa da taki, kamar ayaba ko jema, ita jema ma saiwarta na nutsawa sosai. Kada a sa latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye, kada kuma a bar dogon yaro kusa, saiwarsa za ta toshe tiyo.

Akwai mataki na gaba da ya fi burge ni, saboda kayansa suna zube a garin nan. Nitrat yana da maganinsa a cikin ƙasa. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da idan suka rasa iska, suka kuma sami abin ci irin na itace, sai su shaƙi nitrat a madadin iskar, su mayar da shi iskar azot ta tashi sama, ita ce kuwa kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da muke shaƙa, ba ta cutar da kowa. Abin da suke buƙata biyu ne, wuri mai danshi marar iska, da abinci. Rairayinmu ba shi da ko ɗaya. A ƙasashe masu kuɗi injin ake sawa. Gundumar Safok da ke kusa da birnin Niyok, mai gidaje sama da 300,000 da ke kan rami ko fos, ta hana haƙa sabon rami tsura tun 2019, daga 2021 kuma ta wajabta wa sabbin gidaje na'urar rage azot. Irin waɗannan na'urori suna son lantarki dare da rana da ma'aikacin da zai riƙa zagayowa, ga tsada. Ba na ganin sun dace da mu, kuma zan yi baƙin ciki in ga an ciyo bashi an shigo da su sun mutu cikin shekara biyu.

Wadda ta dace da mu ita ce dabarar da wasu masana biyu na jami'ar Watalu ta Kanada, Robertson da Cherry, suka wallafa a 1995. Dusar katako suka cakuɗa da ƙasa suka shimfiɗa a hanyar ruwan fos. An koma bayan shekara 15 aka tarar shimfiɗar tana nan tana cin nitrat, ba injin ba lantarki. Daga baya a jihar Masacusets an gwada ta hawa biyu: a ƙarƙashin tiyo rairayi zalla kamar santimita 45, inda iska ke mayar da amoniya nitrat, a ƙarƙashinsa kuma wani santimita 45 na rairayi haɗe da dusar katako, inda danshi ke zama, nitrat ya koma iska. Jerin yana da muhimmanci. In aka sa dusar a sama, amoniya ce za ta ratsa ta ta wuce ba abin da ya same ta, ta je ƙasa ta zama nitrat.

Dusar katako a wajen ƴan katako da kafintocinmu tuli take, wani wuri ƙona ta ake yi. Muna da karan hatsi da ɓawon gyaɗa. Ba ina cewa a kwafo awon Kanada a binne a Sura Bildi ba. Zafinmu zai sa ƙwayoyin su yi aiki da sauri, amma zai sa dusar ta ruɓe da wuri, ga gara, ga rani mai tsawo da zai iya busar da shimfiɗar in ba a yi mata gindin laka mai riƙe danshi ba. Waɗannan tambayoyi ne da ake amsawa da gwaji, kuma muna da masu yi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo tana garin nan, cibiyar binciken noma ta INRAN tana nan Tarna. Kwari goma a bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, kowanne da irin haɗinsa, ana awon ruwan da ke fita ƙarƙashinsa damina da rani, zai ba mu awon da magini zai iya riƙewa a ka. Wannan bincike ne da ya fi ƙarfin a bar shi a takardar kammala karatu.

Akwai kuma hanyar da ta fi duk waɗannan sauƙi, ko da yake ta fi su nauyin faɗa. Tunda mafi yawan azot a fitsari yake, in fitsari bai shiga rami ba an rage matsalar tun daga tushe. Wannan ba baƙon abu ba ne a jiharmu. A Agye, wajen 2009, an yi aikin da manoma suka riƙa tara fitsari a bido, a toshe a ajiye har ƙwayoyin cuta su mutu, a zuba wa shuka, suna ce masa takin ruwa. Bayan haka matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya suka ɗauki abin da sunan Oga, aka gwada a ɗaruruwan gonaki daga 2014 zuwa 2016 tare da masu binciken INRAN, aka ga amfanin hatsi ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Matan karkara ne suka yi wannan, waɗanda buhun taki ya fi ƙarfinsu. Mu a birni muna tura abin nan cikin ruwan shanmu, sannan mu je kasuwa mu sayi ure. Ban ce kowane gida zai karɓa ba, na san ƙyamar da ke ciki, kuma maganar najasa magana ce da za a zauna da malamai a kanta, su faɗi yadda za a yi a tsare tufafi da jiki. Amma a fara da inda fitsari ya fi taruwa: makarantu, tashoshin mota, babbar kasuwa, makewayin masallatan Juma'a. Wurin tsugunnawa daban mai tiyo zuwa tanki, masu lambu a fadama su zo su ɗauka. Malaman namu su ne kuma suka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bayan gida a mashayar jama'a. Ruwan da ke ƙarƙashin garin nan mashaya ce ta kowa.

Na san abin da za a ce, kuma maganar tana da ƙarfi. A ƙasar da kusan mutum biyu cikin uku ba su da makewayi sam, daji suke zuwa, wane ne zai zo yana ɗora wa talaka sharuɗɗan rami? Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ba na son ko mutum ɗaya ya fasa gina masai saboda rubutuna. Salga busasshiya marar zurfi, a kan tudu inda ruwa ke nesa, wadda buta ɗaya ake shiga da ita, ɓarnarta kaɗan ce, ta kuma fi zuwa kango sau dubu. Inda nauyin yake shi ne gidan da ke kora lita shida ko tara duk shiga ɗaya, mai makewayi huɗu ko biyar, da otal-otal, da makarantun kuɗi, da asibitoci masu zaman kansu, da gidajen haya masu ɗaki ashirin. Wanda ya iya sayen tayil da shato da injin jan ruwa ba zai ce ƴan buhunan siminti na gindin fos da amalanken dusar katako sun gagare shi ba. A fadama kuwa, inda ruwa ke taso wa rami da damina, talaka ma yana buƙatar a taimaka masa ya ɗaga masai sama ko ya yi mai rufaffen gindi, kuma nan ne ya kamata tallafin ƙungiyoyi da na shirin ruwa da tsafta na ƙasa ya fi karkata.

Za a kuma ce ba masai kaɗai ke kawo nitrat ba. Haka ne. Akwai takin zamani a lambunan Jiratawa da sauran fadama, akwai turken awaki da shanu a cikin gidaje, akwai juji da mahauta da majema. Kowanne da nasa kason. Amma a tsakiyar unguwa, inda babu gona, mutum da raminsa ne suka fi yawa, kuma taki a gona aƙalla saman ƙasa ake zuba shi inda shuka za ta ci rabonta.

Sai dai fos mai rufaffen gindi yana cika, kuma nan ne aikin ya bar hannun mai gida ya koma na lameri. Duk bayan ƴan shekaru sai an kwashe kaurin da ya kwanta. Idan motar kwasa ba ta da inda za ta zubar sai kwazazzabo ko bayan gari, ruwan farko ya kwaso ya kai gulbi, to an ɗauke ƙazanta daga unguwar masu hali an kai wa mutanen fadama da ƙauyukan da ke ƙasa da mu. Birni mai girman Maradi yana buƙatar filin shanya wannan laka, mai shimfiɗaɗɗen gindi, inda rana, wadda ba mu rasa ba, za ta busar da ita ta zama taki. Dokoki muna da su, an yi dokar tsaftar jama'a a 1993 da dokar ruwa a 2010. Abin da nake nema daga hukumar birni da ma'aikatar ruwa ƙanana ne a kan abin da za su tsare. Takardar izinin gini ta nuna inda fos zai zauna da inda foraj zai zauna, na gidan da na maƙwabta, wani ya zo ya gani da idonsa kafin a rufe. Masu haƙa foraj a tilasta musu zuba siminti a kewayen bututu daga sama zuwa mitoci da dama, domin foraj marar wannan toshiya shi kansa hanya ce da ruwan sama-sama ke bi ya gangara. Sabon rabon filaye a bar wa kowane rukunin gidaje wurin da za su haɗa kwarin tsotsewa ɗaya. A tara magina a koya musu, don abin da magini ya yarda da shi shi ake ginawa, ko me takarda ta ce. A kuma auna ruwa. Akwai ƴar takardar awo mai arha da ake tsomawa a ruwa ta sauya launi cikin minti ɗaya ko biyu. A auna rijiyoyi da foraj na unguwa-unguwa, da na masu ɗaura ruwan leda, ƙarshen damina da tsakiyar rani, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa, a liƙa a asibitocin unguwa inda mata ke zuwa awon ciki, domin mai jego ta san wace rijiya ce ba za ta dama wa jariri madara da ruwanta ba.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gwaji ko kuɗin waje, kuma ina roƙon masu unguwa da limamai su ɗauke shi tun wannan Juma'ar. Gidaje da yawa da famfo ya shigo musu sun mayar da tsohuwar rijiyarsu masai ko wurin zuba ruwan fos, don ga rami a haƙe, ga zurfi, ba ya cika. Wannan ya fi kowane irin rami muni, domin rijiya kai tsaye take da ruwan ƙasa, babu ko taƙi ɗaya na rairayi a tsakani, ƙwayoyin cuta da nitrat tare suke sauka. Duk mai irin wannan a gidansa ya daina amfani da ita, a kwashe abin da za a iya kwashewa, a cike ta da laka ana dannawa har baki, a rufe da kankare. Wanda kuma yake da rijiyar da ya daina ja bai riga ya mayar da ita komai ba, ko ya yi mata murfi mai kulle ya riƙa kula da ita, ko ya cike ta haka nan tun kafin magini ya zo ya ba shi shawarar sa mata tiyo.